Saɓanin nau'i a ƙarƙashin CFI: me ya sa tsohon kod mai aiki yake tsayar da kenel ɗin Linux?

Tun da Linux 6.1 ya fito a Disambar 2022 ɗauke da KCFI, sabon salon kariyar CFI (Control-Flow Integrity) mai tantance inda kod yake kai kira, masu gina kenel da Clang, wato kwamfaila mai juya kod ɗin C zuwa umarnin na'ura, suke ta cin karo da wani saƙo mai ɗaure kai. Direba ne, wato kod mai sarrafa wani kayan na'ura, da ya shekara goma yana aiki lafiya lau, ba wanda ya taɓa ko layi ɗaya a cikinsa, amma ana kunna wannan kariya sai na'ura ta tsaya cak, ta bar layi mai wannan fasali a kundin saƙonninta:

```
CFI failure at <mai kira> (target: <wadda aka kira>; expected type: 0x<tambari>)
```

Abin da ya fara zuwa ran mai direban shi ne kwamfaila ne ya yi kuskure, tunda kod ɗin bai canza ba. A mafi yawan lokuta ba haka abin yake ba. Kuskuren yana nan kwance tun ranar da aka rubuta kod ɗin, mai kama shi ne dai babu sai yanzu. Wahalar kuma ita ce ba iri ɗaya ba ne: wani kana buɗe fayil za ka gan shi, wani kuwa ko kwamfailan C bai ɗauke shi laifi ba.

## Kira kai tsaye da kira ta manuni

Kenel shi ne zuciyar tsarin Linux, shi ke tsakanin manhajoji da kayan na'ura. Kod ɗinsa a rarrabe yake gaɓa-gaɓa, kowace gaɓar aiki, wadda masu sana'ar ke kira fankishin, tana da sunanta, da abubuwan da take karɓa, da abin da take mayarwa. Nau'in abin da take mayarwa haɗe da nau'ukan abubuwan da take karɓa, a jerinsu, su ne siffarta. Sunanta ba ya cikin siffa.

Hanyar kiran gaɓa biyu ce. A kira kai tsaye, adireshin gaɓar a rubuce yake cikin umarnin kansa, a ɓangaren memori da ba a iya rubutu a kai. A kira ta manuni kuwa, an ajiye adireshin ne a wani wuri, sai lokacin kira ya yi a ɗauko shi. Kenel ba ya rayuwa sai da wannan hanya ta biyu. Ɓangaren sadarwa bai san kowane katin intanet na duniya ba, abin da ya sani shi ne `struct net_device_ops`, wanda kowane direba ke cikawa da manunan gaɓoɓinsa. Haka `struct file_operations` yake ga fayiloli, haka agogon ƙidaya da layukan jiran aiki.

A nan mai kutse yake samun ƙofa. Da yawa daga cikin waɗannan manunai suna zaune a memorin da ake iya rubutu a kai. Idan wani aibi ya ba shi damar rubutu ya wuce iyaka, ko ya yi amfani da memorin da aka riga aka saki, zai iya maye gurbin manuni da adireshin da ya ga dama, kenel kuma ya yi tsalle can da cikakken ikonsa. CFI kariya ce da ke tsayawa gaban kowane kira ta manuni ta yi tambaya ɗaya: gaɓar da za a kira, siffarta ta dace da wadda mai kira yake tsammani? In ba ta dace ba, ba a kira. Wannan kariya ta hanyar tafiya ce kawai. Adireshin dawowa daga gaɓa wasu dabaru ne daban ke tsare shi, kamar rumbun kira na inuwa da na'urori masu tsarin arm64 suka samu a Linux 5.8.

## Yadda aka zo nan

Sunan CFI ya fito ne daga binciken Martín Abadi da Mihai Budiu da Úlfar Erlingsson da Jay Ligatti na 2005. A ɓangaren Linux, ƙungiyar PaX ta nuna nata tsarin mai suna RAP a 2015, wanda ya dogara da tambarin nau'i, amma bai shiga babban reshen kenel ba. Google ne ya fara sa CFI ɗin Clang a kenel ɗin wayar da ke kasuwa, wato Pixel 3 a 2018, kuma Sami Tolvanen ne ya jagoranci aikin har ya shiga babban reshe a 5.13, a Yunin 2021, don arm64 kaɗai.

Wancan salo na farko yana da nauyi. Sai an gina kenel gaba ɗaya da LTO, wato kwamfaila ya duba dukkan kod ɗin a tare lokacin haɗa shi, kuma kwamfaila yana ƙirƙirar teburin tsalle ga kowane nau'i, ya maye adireshin kowace gaɓa da adireshin gurbinta a teburin. Sakamakon haka gaɓa ɗaya ta koma tana da adireshi biyu, na gaskiya da na tebur, kuma kwatanta manunai tsakanin kenel da modul, wato gutsuren kod da ake loda wa kenel daga baya, yana iya ba da amsar da ba daidai ba. Dole aka riƙa yayyafa `function_nocfi()` da `__cficanonical` a wurare. Masu kula da x86 suka ƙi karɓar wannan tsari, wanda ya sa aka sake ƙira daga tushe. Sabon, KCFI, yana buƙatar Clang 16, ba ya buƙatar LTO, ba shi da tebur, kuma adireshin gaɓa ya koma ɗaya tak. Ya shiga 6.1 don arm64 da x86_64. FineIBT, wani salonsa na na'urorin Intel, ya biyo baya a 6.2, RISC-V ya samu nasa a 6.6, ARM mai bit 32 a 6.10, sannan 6.12 ya ba da damar haɗa shi da kod ɗin harshen Rust.

## Yadda ake buga tambari

Fahimtar wannan ɓangare ita ce mabuɗin duk sauran. Clang yana ɗaukar siffar gaɓa ya rubuta ta a matsayin jerin haruffa bisa ƙa'idar Itanium, wadda C++ ke amfani da ita wajen lanƙwasa sunaye. Gaɓar da ke karɓar `void *` ba ta mayar da komai tana zama `_ZTSFvPvE`. Wadda ke karɓar `struct clk *` tana zama `_ZTSFvP3clkE`. Sai a niƙa wannan jeri da xxHash, a ɗauki bit 32 na ƙasa. Wannan lamba ita ce tambari, kuma ana ajiye ta a memorin kod daf da farkon gaɓar.

Kafin kowane kira ta manuni, kwamfaila yana saka ɗan bincike. A x86_64, a fasalinsa mafi sauƙi, ga yadda yake:

```
movl  $-tambari, %r10d
addl  -4(%r11), %r10d
je    1f
ud2
1: call *%r11
```

Adireshin gaɓar yana cikin `r11`. A ɗauko bayit 4 da ke gabanta, a tara da kishiyar tambarin da ake tsammani. In amsa sifili ce a wuce, in ba haka ba `ud2` ya jawo tarko. An zaɓi kishiyar lambar ne da gangan, domin kada ainihin tambarin ya bayyana a wurin mai kira, har mai kutse ya mayar da wannan wuri abin tsallakawa. Idan an gina kenel da ciko a gaban gaɓoɓi, tazarar tana komawa 15 maimakon 4. A arm64 rajistocin `w16` da `w17` ne ke ɗaukar lambobin biyu, tarkon kuma `brk` ne.

FineIBT, a na'urorin Intel masu IBT, wato kariyar na'ura mai taƙaita inda kira ta manuni zai sauka, yana sake rubuta waɗannan umarnai lokacin tashin na'ura, ya mayar da binciken ɓangaren gaɓar da aka kira: mai kira ya loda tambari a rajista, gaɓar ta fara da `endbr64` sannan ta duba. Wurin binciken ne ya sauya, ma'aunin bai sauya ba. Siffar da ta saɓa a KCFI ta saɓa a FineIBT.

Abin lura a nan: tambari ba ya san "kusan ɗaya". Harafi ɗaya ya bambanta a jerin, lambar ta zama wata daban gaba ɗaya. `typedef` ba ya kawo bambanci, domin ana komawa ga ainihin nau'in da ke ƙarƙashinsa. Amma `const` a kan abin da manuni ke nunawa yana kawowa. `unsigned long` da `unsigned long long` duk bayit 8 ne a na'ura mai bit 64, amma ɗaya `m` ne ɗaya `y`, kuma `u64` na kenel shi ne na biyun, `size_t` kuwa na farkon. `char` da `u8` ma daban suke, duk da cewa tun 6.2 ana gina kenel da `char` marar alama.

## Me ya sa da can yake aiki?

Ƙa'idar C ba ta taɓa halatta wannan ba. Sashe na 6.3.2.3, sakin layi na 8, ya yarda a juya manunin gaɓa zuwa wani nau'i a kuma dawo da shi, amma ya ce kiran gaɓa ta manunin da nau'insa bai dace da nata ba hali ne da ba a fayyace sakamakonsa ba. Abin da ya rufa wa kod ɗin asiri shi ne yarjejeniyar kira ta na'ura. A x86_64 abu na farko da aka miƙa wa gaɓa yana shiga `rdi`, a arm64 yana shiga `x0`, ko `void *` ne ko `struct clk *`. Na'ura ba ta ga bambanci, don haka komai ya tafi daidai, mutane kuma suka saba.

## Saɓanin da ake gani da ido

Mafi sauƙin kamawa shi ne inda mai rubutu ya tilasta wa manuni rigar wani nau'i, abin da ake kira kastin. Wannan layi ya yawaita a direbobi:

```c
devm_add_action_or_reset(dev,
        (void (*)(void *))clk_disable_unprepare, clk);
```

Kastin ɗin ya rufe bakin kwamfaila, amma bai taɓa tambarin da ke gaban `clk_disable_unprepare` ba. Wanda zai yi kiran yana tsammanin `_ZTSFvPvE`, ya tarar da `_ZTSFvP3clkE`. Abin da ya ƙara muni shi ne lokacin da wannan kira ke faruwa: sai an cire direba, ko ɗaura direba ga na'urarsa ya gaza a tsakiya. Hanya ce da gwajin yau da kullum ba ya bi, don haka aibin na iya kwana wata da watanni a kenel mai CFI ba a sani ba.

Gyaran shi ne gaɓar tsakani mai siffar da ake tsammani:

```c
static void foo_clk_disable(void *data)
{
        clk_disable_unprepare(data);
}
```

C ya yarda `void *` ya koma kowane manunin bayanai ba tare da kastin ba, kiran da ke ciki kuma kai tsaye ne, ba a bincikensa. Wani lokaci ma ba a buƙatar tsakanin: a direban agogo na msc313, Kees Cook ya cire layin gaba ɗaya ya yi amfani da `devm_clk_get_enabled()`, wadda ta shigo a 6.0 kuma take kula da kashewar da kanta.

`kfree` ma tana yawan faɗawa wannan rami. Tana karɓar `const void *` ne, wato `_ZTSFvPKvE`, don haka ko da `void (*)(void *)` ba ta dace ba. A ext4, wani tsarin ajiye fayiloli na Linux, an taɓa tilasta ta zama gaɓar sakin `struct kobject`, aka gyara da ƙaramar `ext4_feat_release()` da ba ta yin komai sai kiran `kfree`. `list_sort()` kuwa a cikinta take yi wa gaɓar kwatantawa kastin zuwa manunai masu `const`. A nan gaɓar tsakani ba za ta yi ba, sai da aka bi duk masu amfani da ita a 5.13 aka sauya siffofinsu zuwa `list_cmp_func_t`.

## Saɓanin da ba kastin, ba gargaɗi

Wannan rukuni ne ya fi ba mutane mamaki, domin ba wani layi mai alamar laifi.

Na farko shi ne `enum` da `int`. Gaɓar aika fakiti, `ndo_start_xmit`, tana mayar da `netdev_tx_t`, wanda `enum netdev_tx` ne. A cikin wannan `enum` an sa `INT_MIN` da gangan domin ya zama lamba mai alama, C kuma yana ɗaukar `enum` a matsayin mai dacewa da nau'in lambar da ke ƙarƙashinsa. Saboda haka direban da ya rubuta `static int foo_xmit(...)` bai karya ƙa'idar C ba, kwamfailolin GCC da Clang duk sun yi shiru. Amma jerin haruffan ɗaya yana farawa da `_ZTSFi`, ɗayan da `_ZTSF9netdev_tx`. Fakiti na farko da aka aika, kenel ya tsaya. Haka `mode_valid` take a ɓangaren allo, inda ake tsammanin `enum drm_mode_status` direbobi da dama kuma suka rubuta `int`. Nathan Huckleberry da Nathan Chancellor sun aika faci masu yawa a kan waɗannan biyu a 2022. A nan dole a yi adalci: wannan shi ne wurin da mai direba yake da hujjar cewa kod ɗinsa halal ne a C. Ma'aunin tambari ya fi na ƙa'idar C tsauri.

Wajen gyara, sauya kalmar `int` kaɗai bai isa ba. A bi duk `return` da ke cikin gaɓar. Inda take mayar da abu kamar `-ENOMEM`, al'adar ɓangaren sadarwa ita ce a saki fakitin, a ƙara ƙidayar waɗanda aka zubar, a mayar da `NETDEV_TX_OK`. `NETDEV_TX_BUSY` na wanda bai taɓa fakitin ba ne, yana so a sake kawo masa.

Na biyu yana cikin sysfs, wato fayilolin `/sys` da kenel ke nuna bayanansa ta cikinsu, kuma ya fi ɓuya. `struct device_attribute` da `struct kobj_attribute` tsarinsu a memori iri ɗaya ne: `struct attribute` a gaba, sai manunin `show`, sai na `store`. Abin da ake rajista shi ne manunin `struct attribute` na ciki, wanda duka biyun suke da shi, daga baya a dawo da babban tsari da `container_of()`. Kwamfaila ba ya ganin inda aka sauya hanya. Misalin da aka sani shi ne `/sys/firmware/acpi/bgrt`, inda ake ajiye bayanin hoton da kwamfuta ke nunawa lokacin tashi. An ƙirƙiri wurin da `kobject_create_and_add()`, don haka `kobj_attr_show()` ce ke kira, amma an rubuta fayilolinsa da `DEVICE_ATTR`, gaɓoɓinsu suna jiran `struct device *`. Tunda ba sa taɓa abin da aka miƙa musu, ba a taɓa ganin illa ba, har sai da CFI ya sa karanta fayil kamar `version` ya zama abin tsayar da kenel. Chancellor ya gyara shi a 2021 ta mayar da su `kobj_attribute`. Ƙa'idar da za a riƙe: wanda ya mallaki kobject ɗin, wato abin da ke wakiltar wurin a sysfs, shi ke yanke irin `show` da za a rubuta, ba wanda ya fi sauƙin bugawa ba.

## Kod ɗin da ba shi da tambari ko kaɗan

Gaɓar da aka rubuta da asambili, wato harshen umarnin na'ura kai tsaye, ba ta bi ta hannun kwamfailan C ba, don haka bayit 4 da ke gabanta ko me ya faɗo wurin ne. In za a kira ta ta manuni, sai a buɗe ta da `SYM_TYPED_FUNC_START` daga `linux/cfi_types.h` maimakon `SYM_FUNC_START`. Lambar tana zuwa ne daga alamar `__kcfi_typeid_` haɗe da sunan gaɓar, wadda Clang ke fitarwa idan wani fayil na C ya sanar da gaɓar kuma ya ɗauki adireshinta. In ba a ɗauki adireshin a C ba, alamar ba za ta samu ba, haɗa ginin ya gaza.

A ƙarshen 2022 Eric Biggers ya gyara jerin irin waɗannan a ɓangaren ɓoye bayanai, ciki har da SHA-1 da SHA-256 da SHA-512 na x86. Darasin da ke ciki shi ne dalilin da ya sa ba a gan su da wuri ba: sau da yawa kwamfaila yana gane inda manunin ya nufa, ya mayar da kiran kai tsaye, binciken ya ɓace. A wani gini mai saituna daban kuwa, kiran ya zauna a ta manuni, kenel ya faɗi. Wato rashin faɗuwa a gininka ba shaida ba ce cewa kod ɗin daidai yake.

Kod ɗin da kenel ke ƙerawa yana cikin aiki, kamar na BPF, wato ƙananan shirye-shiryen da ake loda wa kenel yana aiki, matsalarsa ɗaya ce. Da farko an kauce wa bincikensa, sai a 6.8 Peter Zijlstra ya sa mai fassarar BPF na x86 ya riƙa buga tambari da kansa.

## Matakan bincike

A gina da `make LLVM=1`, a kunna `CONFIG_CFI_CLANG`, wanda sunansa ya koma `CONFIG_CFI` a 6.18. A na'urar gwaji a ƙara `CONFIG_CFI_PERMISSIVE`, domin kowane saɓani ya zama gargaɗi kenel ya ci gaba, a tara su da yawa a tashi ɗaya. Don tabbatar da kariyar na aiki, a kunna LKDTM, ɓangaren gwaji mai jawo faɗuwar kenel da gangan, a rubuta `CFI_FORWARD_PROTO` cikin `/sys/kernel/debug/provoke-crash/DIRECT`. In ba a ga saƙon CFI ba, duk gwajin da zai biyo baya banza ne.

Idan saƙo ya fito, sunan farko na mai kira ne, kuma kusan kullum ba shi ne mai laifi ba. A ba `scripts/faddr2line` fayil ɗin `vmlinux` da wannan suna da tazararsa, ya nuna layin kiran, a duba nau'in manunin da ke wurin. Sannan a buɗe gaɓar da ke bayan `target` a kwatanta siffofin biyu kalma da kalma, a fara da abin da ake mayarwa, domin shi ido ya fi tsallakewa. Idan `target` ba farkon wata gaɓa ba ne, ko adireshi ne marar suna, to ba saɓanin nau'i ake kallo ba: manuni ne ya lalace, a nemi aibin memori. Wanda zai kwatanta lambobi da `llvm-objdump` a x86 ya tuna cewa kenel mai FineIBT yana gauraya tambura da lambar sa'a lokacin tashi, sai an ba shi `cfi=norand` za su yi daidai da na cikin fayil.

Tunda binciken ba ya kama komai sai hanyar da aka bi, dole a bi hanyoyin da ba a saba bi ba: a loda modul a cire shi, a kwance na'ura daga direbanta a sake ɗaurawa, a sa kwamfuta barci a tashe ta, a karanta kowane fayil na sysfs da direban ya ƙirƙira. Sauran kuma a bar wa gargaɗin lokacin gini. `-Wcast-function-type`, da kenel ya kunna tun 5.17, yana kyale kastin ɗin da yarjejeniyar kira ta amince da shi, don haka yana barin da yawa su wuce. Clang 16 ya kawo biyu masu tsauri: `-Wcast-function-type-strict` na kastin, da `-Wincompatible-function-pointer-types-strict` na matsalar `enum`. Ana iya miƙa su ta `KCFLAGS`. Saɓanin sysfs kuwa babu ɗayansu da ke ganin sa.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Akwai masu ganin a sa `__nocfi`, alamar kashe binciken, a wuce wurin. Hujjarsu ita ce kod ɗin ya daɗe yana aiki, kuma taɓa siffar da direbobi ɗari suka dogara da ita yana da nasa haɗarin. Abin da ya kamata a sani shi ne `__nocfi` a kan mai kira ake sa shi, kuma yana kashe binciken duk kiran ta manuni da ke cikin wannan gaɓa. A sa shi a kan `kobj_attr_show()` don direba ɗaya, an buɗe ƙofar ga kowa. Masu kula da tsaron kenel suna karɓarsa ne kawai inda tambari ba zai yi ma'ana ba. `machine_kexec()` ta x86 misali ce: tana kiran kod ɗin asambili da aka kwafa zuwa wani shafi, a lokacin da an riga an rushe teburan tarko, ta yadda faɗuwar bincike ke sa na'ura ta sake tashi ba ko saƙo. A can an sa `__nocfi`, kuma dalilin a bayyane yake.

Wasu sun fi son a sassauta ma'aunin, a ɗauki duk manunai a matsayin nau'i ɗaya, kamar yadda Clang yake da zaɓin yi. Hakan zai share yawancin matsalolin kastin nan take. Kuɗin da za a biya shi ne ƙarfin kariyar, domin amfanin CFI yana cikin ƙanƙantar rukunin gaɓoɓin da kowane kira zai iya kaiwa. A ƙididdigar Google ta 2018, kashi 55 cikin ɗari na wuraren kira ba su da fiye da gaɓoɓi 5 da za su iya nufa, kashi 80 kuma ba su wuce 20 ba. Haɗe nau'ukan manunai zai kumbura waɗannan rukunai. Kenel bai ɗauki wannan hanya ba. Sassaucin da ya karɓa ƙarami ne kuma na dole: `CONFIG_CFI_ICALL_NORMALIZE_INTEGERS`, wanda ke auna nau'in lamba da girmanta da alamarta, domin Rust ba ya bambanta `long` da `long long`. Kunna shi yana sauya tambura, don haka kenel da dukkan modul ɗinsa sai an gina su da saiti ɗaya.

Gaɓar tsakani ma tana da masu suka, kuma sukar tana da tushe: kowace sabuwa mai siffar `void (void *)` tana ƙara yawan rukunin da dama yake da cunkoso. Ta fuskar gudu kuɗinta tsalle ɗaya ne kai tsaye. Gyaran da ya fi inganci, inda hali ya yi, shi ne sake fasalin mahaɗar kanta, kamar yadda aka yi wa agogon ƙidaya. Da can gaɓarsa tana karɓar `unsigned long` da aka ajiye kusa da manuninta, kowa yana cusa manuninsa a ciki da kastin, mai kutse kuma yana samun gaɓa da abin miƙa mata a rubutu ɗaya. Zuwa 4.15 an mayar da duka zuwa `struct timer_list *` ta `timer_setup()`, kowace gaɓa tana nemo babban tsarinta da kanta. Aikin ya taɓa ɗaruruwan fayiloli, kuma an gama shi shekaru kafin CFI ya shiga babban reshe.

## Abin da ya shafi mai waya da mai kwamfuta

Mafi yawan mutanen da wannan kariya ke aiki a hannunsu masu wayar Android ne. Wayoyin da suka fito da Android 12 ko sama da haka a kan kenel 5.10 zuwa sama suna amfani da kenel na bai-ɗaya na GKI, mai CFI a kunne, masu ƙera guntun waya kuma suna ɗora direbobinsu a matsayin modul. Ribar mai waya ita ce aibin memori da zai iya ba muguwar manhaja cikakken iko yana yawan ƙarewa a faɗuwar kenel, wayar ta sake tashi. Hasararsa kuma ita ce saɓanin nau'i marar mugun nufi, a direban kyamara ko na caji da ba a gwada wata hanyarsa ba, yana ba da alama iri ɗaya: waya ta mutu ta tashi da kanta duk lokacin da aka yi wani abu takamaimai. Mai gyaran waya da ya ga haka yana iya sauya batir ko allo matsalar ba ta tafi ba, domin maganinta sabuntawar manhaja ce daga kamfani. Inda ake da damar karanta `/sys/fs/pstore` bayan tashin, layin `CFI failure` yana raba gardama.

A kwamfutocin tebur da sabobi, yawancin manyan rabe-raben Linux da GCC suke gina kenel ɗinsu, don haka masu amfani da su ba su cika gamuwa da wannan ba. Wanda ya zaɓi kenel na Clang mai CFI sai ya kula da modul na waje. Dole a gina su da Clang da saitunan kenel ɗin, kuma direban da ke ɗauke da wani ɓangare da aka riga aka gina a rufe, ba tare da KCFI ba, gaɓoɓin wannan ɓangare ba su da tambari. Duk kiran da kod mai bincike ya yi musu ta manuni zai faɗi, kuma ba facin da mai kwamfuta zai iya yi wa kod ɗin da ba shi da tushensa. A x86 mai FineIBT ana iya ba kenel `cfi=off` lokacin tashi domin a tabbatar daga nan matsalar take, a kuma kai rahoto ga mai direban tare da cikakken layin saƙon, da lambar fitowar Clang, da fayil ɗin `.config` da aka yi ginin da shi.